Shin Ko Kun San? Maganin ƙurajen al'aura masu tafiya su dawo

Shin ko kun san cewa ba kowane ƙurji da ya fito a al'aura ne kafso ke warkarwa ba? Daga Gafasa zuwa Ajingi har cikin Gaya, mutum kan je kemis ya sassauta murya ya ce sanyi ke damun sa, a ƙirgo masa ja-da-yalo. Amma idan ƙananan ƙuraje ne masu ruwa, da ke fashewa su bar gyambo mai raɗaɗi, su warke, bayan 'yan watanni su sake fitowa a daidai wurin, to galibi cutar harfis ce. Bairos ke kawo ta, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa. Da yake ƙurajen kan bushe don kansu cikin mako biyu zuwa uku, sai kafson ya sha yabo a kan aikin da bai yi ba.

Shin ko kun san yawan masu ɗauke da ita? A Disambar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 846 'yan shekara 15 zuwa 49 na da harfis na al'aura, wato fiye da ɗaya cikin biyar. Akasarinsu ba su sani ba, domin ba ta taɓa fito musu fili ba. Tana iya kwanciya shekaru kafin ta motsa, don haka fitowarta yau ba hujja ba ce cewa miji ko mata sun ci amana jiya. Masu saurin yanke hukunci a gida su yi hattara.

Maganinta na asali shi ne Acyclovir. An haɗa shi a 1974 a kamfanin Burroughs Wellcome, Amurka ta amince da shi a 1982, aka sayar da shi da sunan Zovirax. Gertrude Elion, wadda ta jagoranci gano yadda yake aiki, ta samu lambar Nobel a 1988, alhali ba ta taɓa kammala digirin dakta ba.

Yadda yake aikin shi ne abin sha'awa. Idan an haɗiye shi, yawo kawai yake yi a jiki, kusan ba ya taɓa lafiyayyun ƙwayoyin halitta. Sai ya shiga wadda bairos ɗin ya mamaye, sannan wani sinadarin bairos ɗin da kansa ya tashe shi. Daga nan sai ya zame wa cutar gurɓataccen tubali: tana cikin gina 'ya'yanta za ta ɗauke shi ta jera, kuma babu wani tubalin da zai sake hawa kansa, gini ya tsaya cak. Shi ya sa illarsa ba ta da yawa.

To amma fa ba ya tumɓuke ta. Idan ƙurajen sun lafa, bairos ɗin kan bi jijiya ya laɓe a gindin ƙashin baya, inda ba ya hayayyafa, maganin kuwa mai hayayyafa kaɗai yake kamawa. Har yau babu wanda ya samo abin da ke fitar da shi daga can, a asibiti ko a gargajiyance. Mai lasifikar da ke rantsuwa ranar kasuwa cewa garinsa na kashe ta daga tushe, kuɗinku yake nema.

Shin ko kun san lokacin sha ya kusa fin maganin kansa muhimmanci? A fitowar farko, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce miligiram 400 sau uku a rana har kwana 10. Idan dawowa ta yi, kwana 5 ko ƙasa da haka ya isa, muddin an fara a rana ta farko, ko tun ana jin ƙaiƙayi da tsikari kafin ƙurji ya ɓullo. Wanda take yawan tasar wa, likita kan ɗora shi a kan sha kullum safe da yamma. Na shafawa ba ya tsinana abin kirki a al'aura, na haɗiya ne mai aiki.

Acyclovir na da ƙanne biyu. Famciclovir ya fito a 1994, Valacyclovir a 1995. Shi na biyun, jiki ne ke mayar da shi Acyclovir bayan an sha, kuma hanji ya fi tsotse shi ninki uku zuwa biyar, don haka ba a yawan sha. Sai dai ya fi tsada. A wani bincike da aka wallafa a 2004 kan masu zaman tare 1,484, shan miligiram 500 nasa kullum ya rage harba wa abokin zama da kusan rabi. Rabi fa, ba duka ba. Ƙaurace wa shimfiɗa lokacin ƙuraje da amfani da kororon roba na nan a matsayinsu.

Masu ciki, wannan taku ce. Idan jariri ya kamu wajen haihuwa, cutar na iya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Wadda ta san tana da ita ta faɗa wa ma'aikaciyar awo, a Babban Asibitin Gaya ne ko a ƙaramin asibitin mazaɓa. Akan fara ba da maganin daga mako na 36, idan kuma naƙuda ta zo da ƙuraje a waje, tiyata ta fi aminci.

Bairos ɗin harfis nau'i biyu ne, kuma na biyun na ninka haɗarin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki kusan sau uku. Gwajin kafin aure da Kano ta mayar doka a 2024 yana duba cutar mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta da sikila, amma harfis gwajinta daban ne.

Ta ƙoda maganin harfis ke fita, kuma idan jiki ya bushe yana iya daskarewa a cikinta. Mai shan sa a zafin bazara, ko yana yini a gona, ya yawaita ruwa, mai ciwon ƙoda kuma sai likita ya rage masa adadi. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali kafin a biya.