Mafarauci, Karensa da Motar da Za Ta Kai Su

Ranar 27 ga Maris, 2025, saura kwana uku a yi ƙaramar Sallah, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo. Cikinta akwai mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga jihar Ribas za su gida, akasarinsu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure ta jihar Kano. Aka ga bindigogin toka, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Tun daga lokacin, duk sanda maganar ta taso sai ka ji wani, har cikin 'yan bokonmu, yana tambaya: in mutanen kirki ne, me ya kai su bayan tirela? Me ya hana su shiga bas kamar kowa?

Mai wannan tambaya bai taɓa zuwa tasha riƙe da igiyar kare ba. Na taɓa tsayawa a wata tasha ina kallon wani dattijo, da ganin warkinsa da layun damtsensa ka san mafarauci ne. Karnuka biyu ne a hannunsa, dogaye masu shafaffen ciki, sun zaro harshe saboda rana. Mota uku ta cika ta tashi a gabansa. A ta huɗu ya ce, "Direba, ka taimake ni, zan biya musu kuɗin kujera." Direban ya ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, fasinja ne ba za su yarda ba." Har la'asar yana nan, sai da wata motar buhunan masara ta tausaya ta ɗora shi a sama. Bayan tirela ba zaɓin mafarauci ba ne. Abin da ya saura masa ke nan.

Da can ma bai buƙatar mota. Wanda ya san Babban Duhu, a ƙaramar hukumar Safana ta jihar Katsina, ya san daji a bayan gida yake. Dajin Rugu ya miƙe ta yammacin Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya tafi har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Ƙasar Ruma ce wannan, wadda ta fitar da barade irin su Ɗanwaire a zamanin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, kuma jarumtar mutanenta ba a fagen fama kaɗai aka gina ta ba, a dawa aka fara koyonta. In an gama girbi, an ɗaure dawa da gero, an shiga rani, sai a aika gari-gari a sa ranar farauta. Da asuba makaɗa su saki ganga, 'yan tauri su fito, matasa da gora da barandami, kowa da karensa. Sarkin Dawa ne ke faɗin inda za a shiga da inda za a haɗu, shi ke raba gardama in karnuka biyu suka kama zomo ɗaya. Dattawa na ba da labarin gada da barewa da mugun dawa. Na bayansu sun tarar da zomo da zabon daji da fakara da gafiya. Maharbi kuwa, mai tafiya shi kaɗai da baka ko bindiga, shi ne masanin itatuwa da saiwoyi, shi ake kira in kura ta addabi garke ko maciji ya sari mutum.

Wannan daji ne aka ƙwace. Fiye da shekara goma ke nan Rugu ta zama mafakar ɓarayin shanu da masu satar mutane. A 2021 sai da gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Batsari da Safana. Manomin da bai iya zuwa gonarsa ta bakin gari, ina shi ina shiga tsakiyar dawa da kare? Wasu mafarautan suka koma 'yan sintiri, suna tsare garuruwan da aka bar su su kaɗai. Masu son riƙe sana'ar kakanni dole suka nemi daji mai nisa. Nisan nan shi ya haifar da matsalar mota, kuma ba wanda ya zauna ya yi tunaninta.

Akwai kuma ƙyamar da muke wa kare, wadda ta wuce abin da addini ya ce. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, hadisi ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne. A ƙauyukan bakin daji, sau nawa haushin kare da tsakar dare ya tashi mutane suka samu suka tsere? Dabbar da ta yi mana wannan aiki ba ta cancanci a tura ta cikin but a rufe, a ɗaure murfin da igiya ba.

To wace mota ce ta dace, kuma ta talaka? Kowa ya san kasuwar motocin hannu ta yi wuta. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, abin da ya gurgunta hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki Naira, dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Don haka maganar Hilux a bar wa gwamnati da masu hali. Abin da hannu zai iya kaiwa shi ne wadda aka hau a gida, kuma a cikinsu a nemi mai dogon baya da ƙofa ta biyar: Golf wagon, ko Sharan, ko Sienna in da ƙarfi. Ga ƙungiya mai karnuka da yawa, a-kori-kura ta fi, irin tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a yi mata rumfa da keji na ƙarfe. A zaɓi mai giyar hannu, mai tsayin ƙasa da za ta iya da yashi da kwazazzabo, wadda makanikin Dutsin-Ma ko Batsari ya san cikinta kuma kayan gyaranta ke nan a shago. A tafi da makaniki, kada a dogara da bakin dillali. A duba lagireto da fanka, a duba takardun kwastan da lambar bodi su yi daidai, don motar sata ma araha gare ta.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne iska. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke wuce digiri 40, rufaffen but na iya kashe shi kafin a yi nisa, balle in salansa ta fashe hayaƙi na shiga. Sai a kwantar da kujerar baya, a sa shingen waya tsakaninsa da mutane, a shimfiɗa buhu ko tabarma don ƙarfe na ƙona tafin ƙafa, a bar gilashi a buɗe kaɗan, a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa. Kuma kada kare ya hau mota bai da allurar haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, alhali cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin allurar a nan gida.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan sayayya ba, amma mutum ashirin za su iya. Mafarautanmu na yin karo-karo don biki da kiɗa. Su yi adashe don mota, a rubuta sunan ƙungiya da garinsu a jikinta, direba ya zama nasu. Mota mai suna da lamba, wadda aka san inda ta fito da inda ta dosa, ta fi bayan tirela aminci nesa ba kusa ba.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma an daɗe ana jan ƙafa. Gwamnatin Katsina ta Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, ta nuna tana iya tantance mutanen ƙauye in ta so. Me zai hana a yi wa mafarauta rajista ta hannun Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, a ba kowa katin shaida, a daidaita maganar lasin bindigarsa da 'yan sanda, a ba karensa takardar allura, a kuma sanar da jihar da za su kafin su tashi? Shugabannin direbobi su ma su ware mota ko da ɗaya ce a tasha don masu tafiya da dabba. Mun yi kukan waɗanda aka kashe a Uromi, mun karɓi ta'aziyya. Rani na nan tafe, za a sake saka ranar farauta, kuma dattijon nan zai sake tsayawa a tasha da igiya a hannu. Kafin ranar ya kamata a ce an samar masa abin hawa.