Dalilin da ya sa digirin da ke kai mutum Kanada ba ya ba shi aiki idan ya isa

Ƙidayar jama'a da Kanada ta gudanar a shekarar 2021 ta nuna cewa daga cikin baƙin da suka shiga ƙasar da digirin likitanci na ƙasashen waje, kashi 41 cikin 100 ne kacal ke aikin likita. A ɓangaren ma'aikatan jinya abin bai ma kai haka ba, domin kashi 36.5 ne ke aikin da suka karanta. Su kuwa 'yan ƙasar masu irin waɗannan takardu, kusan tara cikin goma suna kan sana'arsu. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na baƙi masu digirin waje suna yin ayyukan da ba sa buƙatar fiye da takardar sakandare.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, da yawa daga cikin waɗannan mutane saboda takardun nasu aka zaɓo su, kuma a ƙasar da miliyoyin mutane ba su da likitan iyali. Amsar tana cikin yadda aka raba iko: wanda ke buɗe ƙofar shiga ƙasa daban yake da wanda ke riƙe da makullin sana'a.

Ƙofar farko a hannun gwamnatin tarayya da ke Ottawa take. Tun 1967 Kanada ke zaɓar baƙi ta hanyar ba da maki, a watan Janairun 2015 kuma ta ƙaddamar da tsarin Express Entry, inda ake jera masu nema bisa maki 1,200 da suka haɗa da shekaru, zurfin ilimi, iya Turanci ko Faransanci da ƙwarewar aiki. Kafin a ba mutum makin iliminsa, sai wata hukuma da aka amince da ita, irin su WES, ta tantance takardunsa ta faɗi matsayinsu a ma'aunin Kanada. Idan wanda ya gama Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ya samu rahoton da ke cewa digirinsa daidai yake da na can, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka magana ta ƙare. Sai dai rahoton na shige da fice ne kawai. Ba lasisi ba ne, kuma bai ɗaure hannun kowa ba.

Ƙofa ta biyu ta larduna ce. Kanada na da larduna 10 da yankuna uku, kuma su ne ke da hurumin tsara sana'o'i. Su ma galibi sun miƙa wannan iko ga ƙungiyoyin masu sana'ar, wato likitoci ne ke tantance likitoci, injiniyoyi ke tantance injiniyoyi. Kimanin aiki ɗaya cikin biyar a ƙasar na ƙarƙashin irin wannan tsari, kuma a ciki ne ake samun likitanci, jinya, haɗa magunguna, injiniyanci, koyarwa da aikin lauya. Mai rubuta manhajar kwamfuta yana iya sauka daga jirgi ya shiga neman aiki washegari. Likita kuwa, ko da ya shekara 15 yana tiyata, ba shi da ikon rubuta wa kowa magani.

Hanyar likita ita ce ta fi nuna inda gizo ke saƙar. Da farko sai Majalisar Likitoci ta Kanada ta tabbatar da takardunsa daga makarantar da ta ba shi. Daga nan sai jarrabawar rubutu, sai kuma ta gwaji, inda ake kallon yadda yake yi wa mara lafiya tambayoyi da yadda yake duba shi. Dubban baƙi na tsallake waɗannan matakai. Inda suke cijewa shi ne mataki na gaba: yawancinsu sai sun sake yin horon ƙwarewa a asibitin koyarwa na Kanada, shekara biyu ga likitan iyali, huɗu ko fiye ga sauran fannoni. Larduna ne ke biyan kuɗin guraben horon, don haka su ke ƙayyade yawansu, kuma mafi yawa an ware su ne ga waɗanda suka yi karatu a cikin ƙasar. Abin da ya rage wa masu digirin waje kaɗan ne, ga kuma 'ya'yan Kanada da suka je Ireland ko tsibiran Karibiyan suka karanto likitanci suna neman waɗannan guraben tare da su. Saboda haka mutum na iya cin kowace jarrabawa amma ya rasa gurbi, ya jira shekara mai zuwa, ya sake rasawa.

Jiran ma kansa tarko ne. Shirye-shiryen ɗaukar likitoci da dama na neman shaidar cewa mutum ya yi aikin asibiti a 'yan shekarun baya-bayan nan. Wanda ya shafe shekara huɗu yana gadi ko tuƙin tasi domin ciyar da iyali da biyan kuɗin jarrabawa, kullum ƙara nisa yake yi da wannan sharaɗi. Shi ya sa wasu kan bar mata da yara a Toronto ko Calgary su koma gida su yi aikin wasu watanni, don kada takardunsu su tsufa.

Ba kowane baƙo ne ke bin wannan doguwar hanya ba. Likitan iyali da ya yi horonsa a Birtaniya, Ireland, Ostireliya ko Amurka yana da gajeriyar hanya, domin an riga an amince da tsarin horon ƙasashen. Ke nan abin da ake aunawa da farko ba hannun likitan ba ne, sunan ƙasar da ta horar da shi ne.

Hukumomin lasisi na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Rai ne a hannun likita, kuma makarantun likitanci na duniya ba ɗaya suke ba. Akwai kuma batun maguɗi. A 2023 hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya ta bayyana shakku kan sakamakon da ya fito daga wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, lamarin da ya sa aka soke sakamakon duk waɗanda suka rubuta a can, har da ɗaruruwan da tuni suka yi rajista a Birtaniya, masu laifi da marasa laifi. Najeriya ma ba ta karɓar digirin waje ido rufe: ɗalibin da ya karanto likitanci a Sudan, Masar ko Indiya sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa kafin ya taɓa mara lafiya, kuma iyaye da dama a Arewa sun san zafin wannan jarrabawa. Tantancewa dai ba abin ƙi ba ne. Abin da ke da wuyar karewa shi ne a gwada mutum, ya ci, sannan a ce babu gurbi.

Wani shingen da ya fi wannan rashin kan gado shi ne sharaɗin ƙwarewar aiki a cikin Kanada. Ba a ba mutum lasisi sai ya yi aiki a ƙasar, ba a kuma ɗaukarsa aikin sai da lasisi. A 2013 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta lardin Ontario ta ce tsananta wannan sharaɗi wariya ce, sai fa idan an kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Duk da haka sai a 2021 lardin ya yi dokar da ta hana shi a sana'o'i fiye da 30, kuma ƙungiyar injiniyoyin Ontario ce ta fara cire shi a watan Mayun 2023. Lardin British Columbia ya bi sahu da tasa dokar, wadda ta fara aiki a 2024. A fannin lafiya kuma larduna da dama sun buɗe wata hanya, inda ƙwararren likita ke yin kimanin mako 12 yana aiki a ƙarƙashin kulawa, idan ya gamsar a ba shi lasisi bisa sharaɗin zai yi wasu shekaru a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci. Wannan ya fi kama hankali, domin aikin mutum ake kallo, amma guraben ba su da yawa.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya dabam. A Birtaniya hukuma ɗaya ce ke yi wa likitoci rajista a duk faɗin ƙasar. Baƙo ya ci gwajin Turanci, ya ci jarrabawar PLAB kashi na ɗaya da na biyu, wanda ake yi a Manchester, sai ya samu rajista ya nemi aiki a asibitocin gwamnati ba tare da ya jira gurbin horo ba, ko da yake yawanci a matakin da bai kai nasa na gida ba yake farawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa likitocin Najeriya suka fi karkata can. Jamus kuwa tana da dokar da ta fara aiki a watan Afrilun 2012, wadda ta ba kowa, ko ɗan wace ƙasa ne, haƙƙin a duba takardunsa a ba shi amsa cikin wata uku bayan ya miƙa su cikakku, tare da bayyana masa abin da ya rage ya cike. A can babban shingen harshen Jamusanci ne.

Akwai yarjejeniyar duniya kan amincewa da takardun manyan makarantu, wadda hukumar UNESCO ta zartar a 2019, ta fara aiki a watan Maris na 2023. Ginshiƙinta shi ne a karɓi takarda sai idan hukumar da ke dubawa ta nuna bambanci mai girma tsakaninta da ta gida, wato nauyin kawo hujja ya koma kan mai ƙin karɓa. Amma ƙarfinta na kan darajar karatu ne, bai kai ga lasisin sana'a ba.

Asarar ba ta tsaya kan baƙon da iyalinsa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ke cikin matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, ciki har da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi, ta kuma buƙaci ƙasashe masu arziki su guji zuwa neman ma'aikata daga cikinsu. Jerin bai hana mutum ya nemi tafiya da kansa ba, kuma tsarin maki na Kanada ta wannan hanya yake aiki: mai nema ne ke kai kansa. Likitan da aka horar a asibitin koyarwa na Zariya ko Kano, galibi da kuɗin jama'a, idan ya maƙale tsakanin ƙofofin nan biyu, asibitin da ya baro ya rasa shi, wanda ya nufa kuma bai same shi ba.