Surutun Tsohuwar Amfilifayar Jita: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Duk mai tsohuwar amfilifayar jita, irin mai bawul ɗin gilashi da kamfanonin Fender da Marshall da Vox suka ƙera a shekarun 1950 da 1960, ya san ba ta rabuwa da surutu. Sai dai surutun ba iri ɗaya ba ne, kowanne yana nuna inda ciwon yake. Shi ya sa ƙwararren mai gyara yake fara kasa kunne kafin ya ɗauki sukudireba.

Gurnanin nan mai kauri, "mmmm", muryar wutar lantarki ce kanta. A Amurka wuta tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa, a Ingila da Najeriya da Nijar kuwa sau 50. Don haka amfilifaya ɗaya, gurnaninta a Shikago ya ɗan fi sirantaka a kan na Kano. Makaɗan jita na Agadas idan suka jona kayansu a janareto wurin biki, gurnanin kan hau ya sauka daidai da gudun injin.

Idan gurnanin ya ninka, ya koma 100 ko 120 a daƙiƙa, to zargi ya hau kan manyan kapasitocin da ke tace wuta. Akwai danshin sinadari a cikinsu, shekaru ne ke busar da shi. Amfilifayar da aka ajiye ba a kunnawa ma takan riga wadda ake aiki da ita lalacewa.

Gwajin farko ko kwabo ba ya ci. Zare wayar jita: in surutu ya ɗauke, amfilifaya ba ta da laifi. In bai ɗauke ba, murɗa maɓallin murya zuwa ƙasa. Ya ragu, matsalar tana sashen da ke gaban maɓallin. Ya tsaya yadda yake, tana can baya. Mutane da yawa sun sayi sababbin bawul masu tsada alhali soket ne kawai ya yi datti, kuma wannan asara tana ba ni takaici.

Jitar ma ba kanwar lasa ba ce. Naɗin wayar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, irin na jitar Stratocaster ta 1954, yana zuƙo duk hayaniyar wutar da ke ɗaki. Makaɗi ya juya hagu gurnani ya ƙaru, ya juya dama ya lafa. Wani injiniya a kamfanin Gibson, Seth Lover, ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, gurnanin wannan ya kashe na wancan. Ya nemi rajistar fasahar a 1955, ta hau jitar Les Paul a 1957.

Bawul kan rikiɗe ya zama makirufo. Idan siraran ƙarafan cikinsa suka saki, kana ƙwanƙwasa gilashin a hankali za ka ji "ƙwal" ta lasifika, wani lokaci har ya ɓarke da kuwwa shi kaɗai. An fi kama ƙaramin nan mai lamba 12AX7 da wannan hali, musamman na farko a layi, domin duk abin da ya ji sai sauran sun ƙara masa ƙarfi. Masu gyara da tsinken katako suke zungurar kayan ciki suna saurare. Ba sa yarda da fensir, saboda baƙin abin da ke cikinsa yana ɗaukar wuta.

Ƙas-ƙas ɗin nan kamar ana suyar ƙosai, yawanci tsofaffin resistocin gawayi ne da zafi ya gajiyar, ko ƙura a cikin maɓallin murya.

Shi kuwa "shiiii" na can ƙasa, babu mai raba ka da shi kwata-kwata. A 1928 John B. Johnson na Bell Labs ya wallafa bincikensa cewa zafi kaɗai yana sa kowace resista hayaniya, abokin aikinsa Harry Nyquist ya fitar da lissafin. Ana rage shi dai.

Allon da Fender ke jera kayan ciki a kai a wancan zamani, na matsattsen kwali ne. Idan ya sha laima sai shi kansa ya fara ɗaukar wuta, ya haifar da ƙarar da za a canza kaya goma ba a gano ta ba. Wata amfilifayar kuma, waya ɗaya ta kwance, sai ka ji tashar rediyo tana karanta labarai ta cikinta.

Akwai waɗanda suka nemi surutun da kansu. A 1951 a Memphis, lasifikar makaɗin jita Willie Kizart ta lalace a hanyar zuwa situdiyo, aka cusa mata takarda aka ɗauki waƙar "Rocket 88" a haka. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga tasa lasifikar da gangan. Sautin da a lokacin ake kira lalacewa, yau kuɗi ake biya a sayi na'urar da za ta kwaikwaye shi.

Abin da ba a wasa da shi shi ne wuta. Kapasitocin nan suna iya riƙe fiye da volt 400 ko bayan an zare filogi, shi ya sa tsofaffin masu gyara ke sa hannu ɗaya a aljihu, kada wuta ta bi ta ƙirji. Yawancin tsofaffin amfilifayoyin Amurka filogi mai ƙafa biyu suka zo da shi, ba wayar ƙasa, kuma idan wata 'yar kapasita da ke ciki ta mutu, jikin akwatin da tsirkiyar jita duk sai su ɗauki wuta. A 1972 wuta ta kashe makaɗin jita Leslie Harvey a kan dandamali a Swansea da ya taɓa makirufo, a 1976 ta kashe mawaƙi Keith Relf a gidansa yana kaɗa jita.

Don Allah mai karatu, kada ka cire wayar ƙasa wai don gurnani ya ragu. In taka mai ƙafa biyu ce, kai ta wurin wanda ya san aikin bawul ya sa mata mai ƙafa uku kafin ka sake kunna ta.