Auna Lantarkin Ƙwaƙwalwa da Kayan Araha

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin mai farfaɗiya ya faɗi, jama'a suna ja da baya suna cewa aljanu ne. To, rashin sani ya fi dare duhu. Ƙwaƙwalwar mutum da lantarki take aiki, farfaɗiya kuwa rikicewar wannan lantarki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 50 ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu tasowa.

Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924. Ana kiran awon EEG. Lantarkin kaɗan ne ƙwarai. In an raba ƙarfin batirin tocila gida dubu goma, yawanci bai kai kashi ɗaya ba. Saboda haka akan manna wa fatar kai wasu 'yan ƙarafa kamar maɓallan riga, wajen 20, da wani mai na musamman, su ɗauko shi. Kayan nan suna da tsada, ga ɓata lokaci wajen mannawa.

A nan ne na'urar ɗab'i ta 3D ta yi rana. Mai sassaƙa turmi rage itace yake yi. Ita kuwa ƙarawa take yi kamar maginiyar tukunya, watau ta narka zaren roba, ta riƙa ɗora layi bisa layi har siffar da aka zana a kwamfuta ta fito. Da ita ake yin ɗan maɓalli mai haƙora kamar matsefi, waɗanda ke ratsa gashi su taɓa fata. Da yake roba ba ta ɗaukar lantarki, sai a shafe shi da ruwan azurfa. Wani kamfani a Amurka, OpenBCI, ya ma sa zanen hularsa ta awo a intanet kyauta.

Amma fa akwai sauran rina a kaba. In mutum ya motsa, awon yakan gurɓace. Kuma dole a sami na'urar ƙara ƙarfin lantarkin da likitan da ya iya karanta sakamakon.

'Yan'uwana ɗalibai, mu dage da kimiyya, ko a cikinmu a sami masu wannan aiki. Iyayenmu kuma, don Allah a kai mai farfaɗiya asibiti, domin tana da magani.