Me ya sa Piriton ba ya kashe ƙaiƙayin yaro lokacin hunturu?

Idan a Jabo kake, ko Tambuwal, ko can wajen Kebbe, ka san yadda fata ke zama daga Disamba zuwa Fabrairu. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Yawancinmu da an shafa mai shi ke nan. Amma akwai yaran da nasu ya wuce haka: bayan gwiwa da lanƙwasar hannu su yi baƙi, su yi kauri, yaro ya kwana yana susa har jini. A ce jininsa ne ba kyau, a sayo Piriton a kemis, ya sha ya yi barci, gari ya waye yana nan yadda yake.

Likitoci na kiran wannan ciwo egzima. A kula, ba shi ne kyasbi ba, duk da a Najeriya mun saba laƙaba wa kyasbi wannan suna. A littattafan Turawa za ka ga an ce wurin yana yin ja, to a fatarmu duhu yake yi ko toka-toka, shi ya sa ake yawan kuskurensa.

Asalin maganar saƙo ne. Ƙwayoyin halittar jikinka suna aika wa juna wasu ƙananan furotin da ake kira sitokin, kowanne da umarnin da yake ɗauke da shi. Wani rukuni nasu sunansa intalukin, ana taƙaita shi da IL a bi shi da lamba.

Idan busasshiyar iska da sabulu mai kaifi suka tsattsaga saman fata, ƙura da sauran abubuwa su samu hanyar shiga. Nan take ƙwayoyin fatar su saki sitokin na gangami, irin su TSLP da IL-33. Dakarun garkuwar jiki su amsa da IL-4 da IL-13. To ga inda abin ya lalace: waɗannan biyun suna rage samar da filagirin, furotin ɗin da ke taimaka wa fata ta riƙe danshi ta toshe kafofinta. Wato masu zuwa ɗauki su ne ke ƙara rushe katangar. Sannan ga IL-31, wanda aka gano a 2004. Shi kai tsaye yake taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon ƙaiƙayi zuwa ƙwaƙwalwa. Yaro ya sosa, farce ya yaga fata, fata ta sake sakin TSLP, a koma farko.

Ka lura, duk cikin wannan zagayen ba inda muka ambaci histamin, kuma shi kaɗai Piriton ke tarewa. Histamin shi ne jagora a borin jini da atishawar ƙura, can ne maganin ke da amfani. A egzima kusan barci kawai yake sawa. Wanda ya taɓa shan kulorokwin ya san akwai ƙaiƙayin da ba ruwansa da Piriton, ko da yake hanyar wancan daban ce.

Za ka ce me ya sa jiki zai ajiye makamin da ke cutar da shi? Waɗannan sitokin ɗin su ne jiki ke amfani da su wajen yaƙi da tsutsar ciki da tsargiya. A egzima da asma, ƙura ce aka ɗauka tsutsa. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar da cututtukan biyu a gida ɗaya, ko ma a yaro ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga magani. A 2017 Amurka ta amince da wata allura, dufilumab, wadda ke toshe mashigar da IL-4 da IL-13 ke bi su isar da saƙo, kuma ƙaiƙayin mutane da yawa ya lafa. Daga baya aka amince da ita ga asma ma. Kuɗinta dai ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Abin da ke hannunmu shi ne katse zagayen tun daga tushe. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, a rage sabulu, a shafe yaro da man kaɗanya ko basilin tun jikinsa da sauran laima, safe da dare. A yanke masa farce. Ni a ganina wannan man magani ne sosai, domin fatar da ba ta tsage ba ba ta da dalilin yin gangami.

Inda nake jin tsoro shi ne mayukan kemis masu sinadarin sitiroyid, irin su betametason da kulobetasol. Suna kashe samar da sitokin da yawa a lokaci guda, shi ya sa kwana kaɗan sai ka ga wuri ya yi kyau. Idan likita ya zaɓi mai ƙarfin da ya dace, na ɗan lokaci, magani ne mai kyau. Amma a yi ta shafa wa jariri wata da watanni, fata za ta yi siriri, kuma idan ashe ƙazuwa ce ko makero, ƙara bazuwa za su yi. Idan duk gidan ana susa da dare, ƙazuwa za a fara zargi. Idan kuwa wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti, in ta kama a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.