Yadda ake zaɓa wa kwaikwayon motar Cobra injin da ba zai buga ba

A watan Agustan 2016, a wani gwanjo da aka yi a Monterey ta jihar Kalifoniya, an sayar da wata tsohuwar ƙaramar mota marar rufi a kan dala miliyan 13.75. Ita ce Cobra ta farko da Carroll Shelby ya haɗa a 1962, lokacin da ya ɗauki gangar jikin AC Ace, wata ƙaramar motar Ingila, ya cusa mata injin V8 na kamfanin Ford. Duka Cobra na asali da aka ƙera kimanin 1,000 ne kacal, don haka ni da kai sai dai mu gan su a hoto.

Wannan ya sa aka samu kamfanoni masu yin kwaikwayonta. Factory Five Racing, wanda ya fara aiki a jihar Massachusetts a 1995, yana sayar maka da firam da gangar jiki da sauran kayan haɗi, kai ka je garejinka ka harhaɗa. Superformance kuwa motocinsa a Afirka ta Kudu ake ƙera su, su iso kusan a kammale, amma babu injin, babu giya. Ko ta ina ka bi dai, a ƙarshe za ka tsaya gaban bonet a buɗe da rami a ciki, kana tambayar kanka abin da za ka sa. A nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi mai yawa su sayi matsala.

Ka fara da motar, ba da injin ba

Kwaikwayon Cobra nauyinta tan ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya inci 90 ce, wato ƙasa da mita 2.3. Corollar da ka saba gani a titi ta fi ta nauyi, kuma galibi dawakai 130 zuwa 140 ke jan ta. Yanzu ka ɗauka an sa dawakai 500 a abin da bai kai Corolla nauyi ba, gajere, kuma yawancinsu babu kwamfutar da ke hana taya zamewa. Tayoyin baya biyu ne kawai za su kai wannan ƙarfi ƙasa, kuma abin da taya ke iya riƙewa yana da iyaka: ya dogara da nauyin da ke danne ta da irin robar. Duk ƙarfin da ya wuce wannan iyaka hayaƙi zai zama, ko kuma bayan motar ya juyo gaba a tsakiyar kwana.

Wato a irin wannan mota ƙarfi ba shi ne abu mai wuyar samu ba. Abu mai wuya shi ne injin da zai ba da ƙarfin yau, ya ba da shi shekara goma masu zuwa.

Injinan da aka fi zaɓa

Lambobin da za ka riƙa ji, 302 da 351 da 427, suna nuna girman cikin silinda takwas ɗin gaba ɗaya a ma'aunin inci. A lita, 302 ya kama kusan 5, 351 ya kama 5.8, shi kuma 427 lita 7.

Mafi sauƙi shi ne 302, wanda ke cikin Mustang na 1987 zuwa 1993. A kan kayan wannan Mustang ɗin ma Factory Five ya fara tsara motarsa. Daga masana'anta dawakai 225 yake bayarwa a 1987, amma da an canza masa tof silinda da kamshaf sai ya haura 300 ba tare da wahala ba. Mutane da yawa suna sa masa karanshaf mai doguwar tafiya, daga inci 3.0 zuwa 3.4, su ɗan faɗaɗa silinda, ya koma 347. Rauninsa bulok ɗin ne. Ford ya zuba shi da sirara don rage nauyi, kuma masu haɗa injin a Amurka sun daɗe suna ganin yana tsagewa ta tsakiya idan aka tura shi wajen dawakai 500. Shi 351 bulok ɗinsa ya fi tsayi ya fi kauri, don haka ya fi jure wannan.

Sai 427 na dangin FE, wanda shi ne burin masu son tarihi. Injin tsere ne na gaske. Irinsa ne ke cikin GT40 ɗin da ta ci gasar Le Mans a 1966. Samfurinsa da ya fi suna yana da hanyar mai a gefen bulok wadda ke fara kai bakin mai ga metal ɗin karanshaf kafin ko'ina. Sai dai yana da tsada, kuma ya fi 302 nauyi da kusan nauyin ƙato guda, duk a gaban mota. Abin dariyar ma shi ne, da yawa daga cikin Cobra na asali masu tambarin 427 da aka sayar don hawa titi, injin 428 ne a cikinsu, wanda ya fi araha kuma ya fi sauƙin hali.

Na zamani shi ne Coyote mai lita 5, wanda ya fito a Mustang na 2011 da dawakai 412. Bawul 32 gare shi, injekta ne, kwamfuta ke sarrafa shi. Yana tashi da safe ba gardama. Matsalarsa faɗi: kansa ya fi na tsofaffin girma sosai, sai an yi dabara kafin ya zauna, kuma idan ka buɗe bonet babu wanda zai ce 1965 yake kallo.

Inda ƙarfi yake fitowa, da abin da yake ci

Ƙarfin doki lissafi ne na abu biyu: ƙarfin murɗawa da karanshaf ke bayarwa, sau yawan juyin da yake yi a minti. Don haka hanya biyu ce gare ka. Ko ka ƙara murɗawa, ta hanyar shigar da iska da fetur masu yawa a kowane juyi, ko ka ƙara gudun juyin.

Hanya ta biyu ita ce mai cin injin. A juyi 6,000 a minti, kowane fistan yana tsayawa cak ya sauya alƙibla sau 200 a daƙiƙa guda. Nauyin da wannan fizga ke ɗora wa kwanrod da notinansa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa. Ka ɗaga iyakar injinka daga 6,000 zuwa 7,000, gudu ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari, amma fizgar ta ƙaru da kashi 36. Kuma lokacin da notin kwanrod ya fi shan wuya ba lokacin da fetur ya kama ba ne. Lokacin da fistan ya kai ƙololuwa yana fitar da hayaƙi ne, domin a sannan babu matsin da ke danne shi daga sama, kwanrod ne kaɗai ke hana shi ficewa. Shi ya sa ƙwararru ba sa gamsuwa da ɗaure waɗannan notina da sifana mai awo kawai. Suna auna yadda kowanne ya miƙe.

Tsawon tafiyar fistan ma yana shiga lissafin. A 302, tafiyar milimita 76 ce, a juyi 6,000 fistan yana yin kimanin mita 15 a daƙiƙa. A injin da aka tsawaita zuwa inci 4, wato milimita 102, gudun ya wuce mita 20 a juyi iri ɗaya. To, idan ka zaɓi girma, sai ka haƙura da yawan juyi. A ganina wannan ciniki ne mai kyau ga motar titi, domin tsakanin juyi 2,000 da 4,500 za ka yi kusan duk tuƙinka. Kamshaf na tsere, mai sa injin ya riƙa gurnani yana girgiza a tsaye, daɗin ji gare shi a wajen taron motoci, amma yana ture ƙarfin can sama, ya bar ka da mota mai tsalle-tsalle a cunkoso.

Idan dai za a tura injin, fistan da kwanrod ƙirarru ake sa masa, ba na zubi ba. Kamar aikin maƙeri ne: ƙarfen da aka daka aka matse ya fi wanda aka narka aka zuba jure fizga.

Abubuwa uku da ke kashe shi

Na farko ƙwanƙwasa. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta, ta bazu a hankali cikin silinda. Idan matsi ya yi yawa, ko zafi, ko fetur ɗin oktan ɗinsa ya yi ƙasa, ragowar fetur da wutar ba ta riga ta isa gare shi ba sai ya fashe da kansa. Bugun da yake haifarwa yana karya gefen fistan inda rin ke zama, ya ƙona gaskit. A mota mai rufi za ka iya jin ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani. A Cobra kuwa salansa biyu ce ke ruri a gefen kunnenka, ba za ka ji komai ba sai ɓarna ta auku. Don haka fetur ɗin da za ka riƙa samu kullum shi ne zai yanke maka matsin da za ka gina, ba abin da ka karanta a mujalla ba. Tsohon 302 na Mustang matsin 9 da 1 yake da shi. Da tof na alminiyam, mai saurin kwashe zafi, ana kai wa wajen 10 da 1 a kan fetur mai kyau. Coyote ya fito da 11 da 1, amma shi yana da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja lokacin wuta baya nan take. Kafireto bai san wannan ba.

Na biyu bakin mai. Karanshaf ba ya taɓa metal ɗinsa idan komai na lafiya; a kan shimfiɗar mai yake shawagi, a cikin tazarar da ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.07 ba, kusan kaurin gashi guda. Mai ya yanke na ɗan lokaci a babban gudu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, shi ke nan, injin ya buga. Yaya mai zai yanke alhali kasko cike yake? Ka tuna yadda ruwa ke taruwa a gefe guda na roba idan mai kura ya sha kwana. Mota idan ta sha kwana da ƙarfin da ya kai na jan ƙasa, saman man yana karkacewa digiri 45, bakin famfo ya zuƙi iska. Ga shi Cobra a ƙasa take, dole kaskonta ya zama marar zurfi. Maganin shi ne kasko mai faɗi da katanga da ƙananan ƙofofi a ciki, masu tsare mai a kusa da bakin famfon. Bai kai tsadar tof silinda ɗaya ba, amma shi ne abin da ake yawan mantawa.

Na uku zafi. Kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin fetur ne kawai ke zama motsi. Sauran salansa da lagireto ke raba shi. Ka ninka ƙarfin injin, ka ninka zafin da lagireto zai zubar, ta wannan ƙaramin bakin na gaba. Ana buƙatar lagireto babba, fanka mai rufi a kewaye, da murfi mai riƙe matsi, domin matsin ne ke sa ruwa ya kai kusan digiri 120 kafin ya tafasa. Kada kuma a cire tamostat kamar yadda wasu makanikanmu ke yi; an auna tazarar fistan da rin ne don injin da ya kai zafinsa na aiki.

Ranar haɗawa

A nan ƙananan abubuwa ne ke ba da kunya. Misali, injinan 302 na kafin 1981 da na bayan nan ba su da ma'aunin daidaito iri ɗaya: na da oza 28 ne, na baya oza 50. Filawil ɗin wannan zai shiga jikin wancan lafiya lau, notina su ɗauru, sannan injin ya riƙa karkarwa har ya cinye metal ɗinsa. Haka tsarin kama wuta: tsohon 302 yana bin 1-5-4-2-6-3-7-8, na Mustang ɗin da muka ambata yana bin 1-3-7-2-6-5-4-8 irin na 351, kuma kamshaf ɗin da ka sa shi ke yanke wanda za ka bi.

Kowane rin ana gwada shi a silindarsa, a goge bakinsa har ya bar tazarar kusan milimita 0.4 zuwa 0.5, don idan ya yi zafi ya kumbura kada bakunan su haɗu. Ana wanke hanyoyin mai da buroshi, domin ƙurar ƙarfen da ta rage daga wajen gyaran bulok ta isa ta lalata sabon metal. Idan kamshaf ɗin tsohon samfuri ne marar nadi, tashin farko sai an riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30, da mai na musamman mai sinadarin zink. Mai nadi ba ya buƙatar wannan, kuma dalili ne babba na zaɓarsa.

Idan ka tambaye ni, ga mai son tuƙi ba nuni ba, 347 mai dawakai 350 zuwa 400 da injekta ya wadatar, ko Coyote ga wanda bai damu da kamannin da ba. Wanda ya nace sai tambarin 427, yana iya samunsa daga bulok na musamman irin na 351, wanda aka faɗaɗa zuwa inci 4.125 da tafiyar inci 4, ya tsira daga nauyin FE. Sai dai ya sani giyar T-5 ta tsohon Mustang ba za ta ɗauki wannan murɗawar ba. Giya da kuloci da birki duk sai sun tashi tare da injin, kuma kuɗinsu na cikin lissafi.

Kafin a sa shi a mota, a kai shi na'urar daino. A can za a ɗora masa kaya a kowane matakin juyi, ana kallon matsin mai da zafi da yawan fetur a cikin iska, a daidaita lokacin wuta. Gaskit mai yoyo ko fulogin da ya nuna alamar ƙwanƙwasa, a kan teburin gwaji gyaran yini ɗaya ne. Bayan an rufe shi a cikin motar kuwa, wani gyaran sai an sake ciro injin gaba ɗaya.