YADDA ISKA KE TSABTACE RUWAN ƘAZANTA

Ana so hakimai da magatakarda na ƙasar Ringim su karanta wannan, su bayyana wa dagatai da masu unguwanni.

A cikin ruwan kwata akwai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazanta, amma sai da iska suke aiki sosai. In ruwa ya rasa iska sai ya yi baƙi, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, kamar na kududdufai bayan damina.

Hanyoyin ba tafkin ƙazanta iska uku ne:

1. Rana da iska. A haƙa tafki mai faɗi, zurfinsa ƙafa 3 zuwa 5. Gansakuka mai kore ruwa ita ke ba da iska da rana. Irinsa aka haƙa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

2. Injin da ke kaɗa fuskar ruwa, yana watsa shi sama.

3. Bututu mai huji a ƙarƙashin ruwa, inji yana hura masa iska.

Na biyu da na uku sai da lantarki dare da rana, saboda haka ta fari ta fi dacewa da gundumomi. Lalle a riƙa kwashe kainuwa da ciyawa, gama suna tare rana, suna ɓoye sauro. A yi tafki nesa da rijiyoyi, a kan tudu inda ambaliyar Kogin Haɗeja, irin ta 2022, ba za ta kai ba. A kewaye shi saboda yara.

Rigakafi ya fi magani.